Mu Uku a Shagon Tab

Ni dai ban gayyaci ƙanwata ba. Da wannan zan fara, domin har yau idan maganar ta taso a gidanmu sai ta ce wai ni na ce ta zo. Ban ce ba. Yarinyar ce ta yi suɓul da baka.

Yarinyar 'yata ce, amma ba ni na haife ta ba. Shekarata tara a ɗakin miji ban taɓa ko ɓatan wata ba, ita kuwa ƙanwata shekara na zagayowa da aurenta ta haihu. Da aka yaye jaririyar, mahaifiyarmu ta je Konduga, inda mijin ƙanwata yake aikin malamin gona, ta ɗauko ta da 'yar jakar kayanta, ta kawo mini ita gidana a unguwar Hausari, ta ɗora mini a cinya ta ce, "Ga 'yarki." Haka ake yi a zuriyarmu. 'Yar fari ta dangi ce. Uwar da ta haife ta ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamanta. Kunya ke nan, kuma ƙanwata ta riƙe kunyarta da kyau, ni kuma na riƙe yarinya. Ni na yi jinyarta lokacin ƙyanda, ni na koya mata cin abinci da hannun dama, ni na kai ta makaranta ranar farko, tana kuka ina kuka. Mama take ce mini, ƙanwata kuwa Anti. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata komai, kuma in faɗi gaskiya, na fi kowa son a bar maganar a haka.

Duk zamansu a Konduga hankalina kwance yake, don sai Sallah ake ganinsu. Kwatsam aka dawo da mijinta aiki cikin gari, suka kama haya, hawa ɗaya ne a keke mai ƙafa uku tsakaninmu. Daga nan Anti ta zama 'yar kowace Juma'a. Sai ta zo da laffayarta da tabaranta, ta zauna a tabarma tana taya ni tsintar kajiji, da yake haɗa turaren wuta ne sana'ata, ko inda yarinyar take ba ta kallo. Wai ba ta kallo! Ni na san irin wannan rashin kallon. Ba a yi wata biyu ba na fara jin "Anti ta ce" a gidana. Anti ta ce a wanke hannu kafin a taɓa littafi. Anti ta iya kitso ba zafi. Kitso ba zafi! Shekara biyar ina fama da wannan kan mai tauri, ban taɓa jin an ce sannu ba.

Ana cikin haka malamarsu ta aji biyu ta aiko a kira ni. Ta ce yarinyar tana da kai, in an yi tambaya da baki ita ke fara ɗaga hannu, amma karatu ya tsaya mata, kuma abin da take kwafa daga allo duk a hargitse yake. Ta ce in da hali in nema mata irin kwamfutar hannu ta yara, wadda kowa ke ce wa tab, mai darussa a ciki, ta riƙa bita a gida. Na yi godiya na fito raina a ɓace. Muna isa gida na rufe yarinyar da faɗa, na ce wasa ne ya yi mata yawa, na ce daga yau babu kallon talabijin, tunda ba ta iya kallo ba sai ta manna hanci a jikinsa. Ta yi kukanta ta share hawaye. Ni kuma na ce a raina, to, za a sayi tab, kuma ni zan saya.

Ban yi abin da wasa ba. Mako guda ina bincike. Na tambayi maƙwabciyata mai 'ya'ya a makarantar kuɗi, na tambayi wata da ke sarar turare a wurina, har maigidana na dama, shi da bai san komai a kai ba sai "duk wanda kika ga ya yi." Na haddace abin da zan nema: wanda darussansa suke ciki ba sai da data ba, mai karatun Alƙur'ani da baƙaƙe da lissafi da Turanci, mai rigar roba don faɗuwa, mai lambar sirri don kada ta shiga inda bai kamata ba. Na tsara ranar Asabar za mu tafi mu biyu, ni da ita. Ta rungumo kwalinta mu dawo, ranar Juma'a Anti ta zo ta tarar da shi, yarinyar ta ce, "Mamana ce ta saya mini." Wallahi wannan kalmar nake son saya, tab ɗin a bayanta yake.

Na ja kunnenta kada ta gaya wa kowa. Ai kamar na ce je ki yi shela. Ranar Juma'a ƙanwata ba ta gama cire takalmi ba, yarinyar ta tare ta da, "Anti, gobe Mama za ta saya mini tab!" Ƙanwata ba ta ce mata uffan ba, kamar yadda ta saba. Sai da muka yi nisa da tsintar kajiji, kanta a sunkuye, ta ce, "Yaya, gobe ƙarfe nawa za mu tafi?"

Za mu! Na dube ta, na ga ko a jikinta. Na ce, "Ai ba wani abu ba ne, yanzu za mu je mu dawo, kada ki wahalar da kanki."

Ta ce, "Ba wahala."

Da hantsi sai ga ta. Muka tare keke, yarinyar a tsakiya. Rana ta riga ta fara dukan mutane, ni ina ta fifita da gefen laffaya, ita kuwa 'yar tawa ta karkata ta jingina da kafaɗar Anti. Na jawo ta na ce ta zauna daidai kada ta faɗi. Ina za ta faɗa, tana tsakanin mata biyu? Ni ma na san ba faɗuwa nake tsoro ba.

Shagon da aka kwatanta mini yana layin masu sayar da waya. Mai shi wani dattijo ne daga kudancin Borno, ya ce da can koyarwa yake yi kafin ya ajiye alli. Ya yi mana gaisuwar wushe-wushe da Kanurinsa na kasuwa, ya ba mu benci, ya dube ni ya dubi ƙanwata ya ce, "Wace ce mamar yarinyar a cikinku?"

Ƙanwata ta sunkuyar da kai tana gyara laffaya. Na ce, "Ni ce." Yadda na faɗa, na tabbata har mai shagon da ke kusa ya ji.

Na zayyana masa duk abin da na haddace, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai kin fi ni sanin kayan." Na ji daɗi, na saci kallon ƙanwata in ga ko ta ji. Ya fito da guda uku ya jera a kan kanta. Ɗaya ya ce mu bar shi, sai da data yake aiki. Saura biyu, kuma darussan cikinsu iri ɗaya ne. Na farko ƙarami ne, ruwan hoda, rigarsa mai kunnuwan zomo da mariƙi kamar jakar 'yan gayu. Na biyu babba, ruwan toka, ba ado ko na sisi, ga nauyi, kai ka ce faranti ne.

Yarinyar ko kallon babban ba ta yi ba. Ta wawuri mai kunnuwan ta rungume. "Mama, wannan! Don Allah wannan!"

Na ce, "Shi kike so, 'yar Mama? To an gama."

Mai shagon ya kunna mata, baƙaƙe suka fito suna rawa, wata murya tana kiran sunayensu. Ta ɗaga shi ta kai fuskarta tana dariya. Ni ma ina dariya, har na fara buɗe jaka. Sai na ji ƙanwata ta ce, "Yaya, babban ya fi."

A hankali ta faɗa, amma yarinyar ta ji. Ta juyo ta harare ta, harara ta gaske, irin wadda ban taɓa ganin ta yi wa Anti ba. Allah ya yafe mini, wani sanyi na ji ya ratsa zuciyata. Na ce a raina, yauwa, ɓata da kanki. A fili kuwa na ce, "Haba, wannan ƙaton ai sai ya karya mata hannu. Yarinya ta zaɓi abinta."

Ta ce, "Babban ya fi mata."

Nan fa na cika na yi fam. Na juya harshe zuwa Kanuri don kada mai shagon ya gane duka, ita ma yarinyar Hausa ta fi zama a bakinta, Kanurinta tsinta-tsinta ne. Na ce wa ƙanwata wa ya tambaye ta? Na ce shekara biyar ina riƙe da yarinyar nan, ba wanda ya zo ya koya mini abin da ya fi mata. Na ce in tana da abin saye ta je ta saya wa 'ya'yanta maza biyu da ke gida, ta bar ni da tawa. Na faɗi maganganu, wasu ba zan rubuta su a nan ba. Ta bar ni har na gaji don kaina, sannan ta ce, da Kanuri ita ma, "Yaya, dubi yadda take riƙe shi."

Na duba. Tab ɗin yana dab da hancinta, idanunta a ƙanƙance, kanta a karkace gefe guda.

Na ce, "Haka take yi, ɗabi'arta ce. Na yi faɗan har na gaji."

Ta cire tabaranta ta riƙe a hannu ta ce, "Ni ma haka nake riƙe littafi a gidanmu na Yerwa, kina yi mini dariya kina cewa zan cinye shi. Kin manta? Tun zuwana na farko na gani. Na rasa yadda zan gaya miki ne."

Mai shagon bai ji duk abin da muka ce ba, amma ya ga tabarau a hannu, ya ga yarinya, kuma ba a banza ya yi shekaru a gaban allo ba. Ya karɓi tab ɗin daga hannunta da lallami, ya ja da baya kamar taku huɗu, ya ɗaga shi ya ce, "'Yata, wane harafi ne wannan?" Harafi ne ƙato, ni daga benci ina ganinsa sarai. Ta ƙanƙance ido, ta miƙa wuya, ta faɗi wani daban. Ya canza, ta sake kuskurewa. Ya matso kusa, ta faɗa daidai tun bai rufe baki ba.

Ya ajiye tab ɗin ya ce mini, "Hajiya, yarinyar nan ta san karatu, allon ne ba ta gani. Ku kai ta asibitin ido tukuna, don ba tab ɗin da zai gyara wannan. In kuma za ku saya, maganar 'yar'uwarki gaskiya ce. Babban ana iya ƙara girman rubutunsa, ta ajiye shi a kan tebur ta zauna daidai. Ƙaramin kullum a hancinta zai kasance."

Na dubi idanun 'yar tawa. Yarinyar da nake yi wa wanka, nake sa wa kwalli a waɗannan idanun da hannuna. Sau nawa na dungure mata kai a gaban talabijin? Sau nawa na ce mata malalaciya? Ga wadda ba ta ko kallonta, wadda take zuwa sau ɗaya a mako ta zauna da kai a sunkuye, ita ta gani. Ya kamata in gode mata. Na san ya kamata. Amma abin da na ji a lokacin kishi ne tsagwaronsa, mai ɗaci har a harshe. Haushin da na fi ji ma shi ne idon ƙanwata yarinyar ta gado. Ni na ba yarinyar tarbiyya da abinci da sutura, amma ko ciwon ido ba nawa ta ɗauko ba.

Na ce a ba mu babban. Yarinyar ta fashe da kuka, ta riƙe kunnen zomon sai da na ɓamɓare yatsunta. Mai shagon ya zauna yana saita shi, ya ce zai sa sunan yarinyar don ya riƙa gaishe ta in ta kunna. Sai ya juya wajen ƙanwata, ba wajena ba, ya ce, "Yaya sunanta?"

Ta buɗe baki ta rufe. Ba za ta iya ba. Shekara bakwai sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, ba kuma a shagon waya zai fara fita ba. Ta kawar da kai tana kallon titi. Ni na faɗi sunan, na kuma faɗa masa yadda ake rubutawa. Da a ce awa ɗaya kafin nan aka yi wannan, da na yi mako ina jin daɗinsa. A lokacin kuwa ban ji komai ba.

A keke yarinyar ta ƙi ko taɓa Anti. Ta cusa kai a jikina tana shessheƙa tana cewa Anti ce ta hana ta mai kunnuwa, ba ta sonta, kada ta ƙara zuwa gidanmu. Na ce mata kul, ba a faɗa wa babba haka. Amma hannuna yana bayanta ina shafawa, kuma ban yi gaggawar hana ta ba. Ƙanwata tana kallon waje har muka sauke ta.

Ranar Litinin na kai ta asibitin ido, ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Aka gwada ta, likita ta tabbatar da maganar, aka ce mu dawo karɓar tabarau. Ranar karɓa ta faɗo Juma'a. Muna fitowa daga asibitin ta tsaya cak a ƙarƙashin wata dalbejiya, ta ɗaga kai ta ce, "Mama, ashe ana ganin ganye ɗai-ɗai daga ƙasa?" Duk hanya tana karanta mini allunan shaguna da ƙarfi, har mai keken yana taya ta. Ni kuwa na ja laffaya na rufe rabin fuskata.

Mun tarar da ƙanwata a tsakar gida, ta riga ta shimfiɗa tabarma. Fushin yarinyar ya daɗe da wucewa, tunda ta gano babban tab ɗin yana da labarai masu hoto da kyamara. Ta ɗauko shi da gudu ta ce sai ta ɗauke mu hoto mu uku da sabon tabaranta. Ta shiga tsakaninmu, ta miƙa hannu da ƙyar saboda nauyinsa, ta danna. Sannan ta ajiye shi a cinya tana duba hoton. Ta daɗe tana dubawa. Ta ja shi da yatsu biyu ya ƙara girma, yadda mai shagon ya koya mata.

Ta ce, "Mama, ni da Anti hancinmu iri ɗaya ne. Da goshinmu. Dubi har wushiryarmu." Ta ɗago ta kalle ni ta cikin gilashin, kallon ƙurilla, ta koma kan hoton. "Me ya sa na yi kama da ita, ban yi kama da ke ba?"

Ina da amsa a shirye. In ce ai ni da Anti uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kama a dangi take yawo. Da ta yarda, ta koma wasanta. Na dubi ƙanwata ko za ta cece ni. Kanta yana ƙasa, hannunta a cikin kajiji, amma ba tsinta take yi ba. Ba za ta taɓa faɗa ba, ko za a shekara ana tambaya. Ta bar mini yarinya, ta bar mini sunan Mama, yanzu kuma ta bar mini wannan. Haushinta ya kama ni, don ko a nan ma ta fi ni.

Na ce, "Saboda ita ta haife ki. Ni kuma aka ba ni ke, na rene ki."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta ruƙunƙume ni ta ce ita ba ta yarda ba. Wannan nake jira, har na buɗe hannu. Sai ta juya ta kalli ƙanwata tun daga sama har ƙasa kamar yau ta fara ganinta. Ta ce, "To yaran gidanku ƙannena ne na gaske?" Ƙanwata ta ɗaga kai alamar e, ba ta ɗago ido ba. Sai yarinyar ta juyo wurina fuskarta cike da murna.

"Mama, zan iya kwana a gidansu yau? In nuna musu tab ɗina?"

Ƙanwata ta yi saurin cewa, "A'a, Yaya, bar ta, wata rana."

Na ce, "Ta je mana. Gidan wa za ta in ba gidanku ba?" Muryata ta fito daidai, ni kaina na yi mamaki.

Na shiga ɗaki na ɗauko jaka. Na sa mata kaya kala biyu, da hijabin islamiyya, da buroshi, da gidan tabarau, na naɗe tab ɗin a zani na sa a tsakiya. Cajarsa tana jikin bango. Na zare ta na nannaɗe wayar a hannuna, na tsaya. Batirin ba ya wuce yini guda in tana ta dannawa, kuma na san za ta danna. Na ajiye cajar a kan tebur na zuge jakar.

Ƙanwata ta shigo karɓar jakar. Ta ga cajar a kan tebur, ta dube ni, na dube ta. Ta rataya jakar a kafaɗa ta fita, ba ta ɗauka ba.